Katakan da Mati Ya Zare Daga Rufinsa

Akwai wani mutum da ake kira Mati a wani ƙauyen Hausawa na bakin kogi, kusa da garin Rusairis. Manomi ne. Yana da gonar dawa a tudu, da ɗan lambu a bakin ruwa inda yake shuka kuɓewa da albasa idan kogi ya janye.

Mutanen ƙauyen sun san shi da hali biyu. Ba ya hana abin hannunsa, kuma ba ya karɓar na kowa. Na farkon ake yabawa. Na biyun ba a cika lura da shi ba, domin mutumin da ba ya roƙo ba ya damun kowa.

Tun yana saurayi yake zuwa yankin Jazira tsinkar auduga. A can ya ga Sakina, 'yar Malam Attahiru. Shi Malam Attahiru yana da hawasha, wato gona tasa ta kansa a cikin babban aikin ban-ruwa, Mati kuwa ɗan ƙwadago ne a cikinta. Tsohon bai wulaƙanta shi ba, ya ba shi 'yarsa babu ja-in-ja. Amma wanda ya taɓa sunkuyawa a gonar mutum, ko da ya zama surukinsa, akwai abin da yake zama masa a ƙirji. Mati ya yi shekaru yana burin tsohon ya zo ya gani da idonsa cewa 'yarsa ba a wofi take ba.

Shi ya sa da ya samu hali bai fara da ɗakin kwanansa ba. Diwan ya gina, babban ɗakin baƙi a gaban gida, na tubalin laka da rufin kwano.

Rufin mai tudu ne a tsakiya, kamar an buɗe littafi an kifa shi. Azara ɗaya ta taso daga bangon gabas, ɗaya daga bangon yamma, su haɗa kai a ƙololuwa. Ƙasa kaɗan da mahaɗarsu, sai a gilma wani katako a buga shi a jikin kowacce, ya ɗaure su biyun. Kafintocin yankin suna kiransa shaddad. Kwano ba a kansa yake ba. Aikinsa ya hana azarar nan biyu rabuwa idan iska ta shiga ƙarƙashin rufi tana neman ɗaga shi, kuma ya hana su buɗewa su tura bango waje.

Na Mati duk na itacen bagaruwa ne, ja, busasshe, mai nauyi. Daga ƙasa Sakina ta ɗinka farin yadi aka shimfiɗa shi daga bango zuwa bango saboda zafin kwano. Wanda ya shiga ɗakin yadi yake gani, ba katako ba.

Sai yaƙi ya iso Jazira.

Wata safiya cikin sanyi wayar Sakina ta yi ƙara. Mahaifinta ne. Sun baro gida, suna hanya a bayan lori: shi, da matarsa Hajja Hindu, da Sabah matar ɗansa da 'ya'yanta, ga ta kuma da ciki.

Mati ya yanka tunkiya tun kafin a san ranar isowarsu. Ya share diwan, ya cika tulu. Sai ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya ga abin da ya rage. Babu gado.

Gidan yana da angarib biyu, irin gadon katako da ake saƙa wa igiya. Ɗaya nasu, ɗaya na yara. Sakina ta ce a kai su diwan, su sa kwanta a tabarma.

"Baba ya shigo ya ga ɗiyarsa a ƙasa?" in ji Mati. "A gidana?"

"Abu Khalid," in ji ta, da sunan da take kiransa, wato baban Khalid, "mutanen da suka kwana a bayan lori ba za su leƙa ɗakina su ƙirga gado ba."

Mati ya saka hula ya fita. Ya tafi kasuwar Rusairis, ya tarar babu angarib ko ɗaya na sayarwa, domin kowane gida ya yi baƙi irin nasa. Ya je wajen masu katako, suka nuna masa rumfa wayam.

Da yamma ya kira Abdussalami, kafintan ƙauyen, wanda kuma taubashinsa ne. Ya shigar da shi diwan, ya ɗage gefen yadin.

"Ya zol," in ji Mati, wato kai mutumina, "dubi sama."

"Na duba. Ni na buga su."

"Tsawon kowanne tsawon gado ne."

Abdussalami ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Kai dai tun muna yara kanka bai cika ba. Mutane na sayar da gado su yi rufi, kai za ka cinye rufi ka yi gado."

"Mi suke ɗauke da shi? Na hau na girgiza su. Babu komai a kansu."

"Mazagin wandonka mi yake ɗauke da shi? Zare shi ka shiga kasuwa mu gani."

Mati bai yi dariya ba. Ya ce yanzu lokacin sanyi ne, babu iska mai ƙarfi sai gab da damina. Kafin nan hanya za ta buɗe, katako zai zo, a mayar da sababbi ba wanda ya sani.

Maganar ba ta rasa gaskiya ba, kuma irin wannan maganar ce ta fi sa mutum kuskure. Abdussalami ya sosa ƙeya, ya sake duban rufin.

"Kafin kharif," ya ce, yana nufin damina. "Kafin iskar farko, ba bayanta ba. In ka wuce haka, ban san ka ba, ban san uwar da ta haifi kakanka ba."

Suka zare katakan gaba ɗaya. Abdussalami ya fere bakunansu, ya yi ƙafafu da guntayen itacen da ke shagonsa, aka saƙa igiya. Aka mayar da yadi yadda yake.

Da baƙin suka iso, kowa da ƙunshi ɗaya a hannu, Malam Attahiru ya shiga diwan ya zauna a bakin gado. Ya bi ɗakin da kallo. Daga baya ya shafa katakon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Bagaruwa ce, ta bushe sarai. Ina ka samu irin wanga a wannan lokaci?"

Mati yana durƙushe a bakin ƙofa, kamar yadda suruki yake yi. "Allah ne ya hore, Baba."

"Madalla. Allah shi yi maka albarka."

Wannan albarkar Mati ya yi shekaru yana jira. Ya fita yana jin kamar an sauke masa buhu daga kai.

Watanni suka wuce. Sabah ta haihu, aka yi suna a tsakar gida. Mati bai bar baƙin sun rasa komai ba, kuma bai bar su sun taɓa komai ba. Malam Attahiru mutum ne da ya saba fita gona tun kafin rana ta ɗaga. Sau da yawa yakan ce zai bi Mati lambu, ko da ban-ruwa ne ya taya shi.

"Haba Baba, ku huta. Muna nan."

Hajja Hindu ta nemi a ba ta tsintsiya, aka ce ta huta. Ta nemi ta taya tuyar kisra, wato siririyar wainar dawa, aka ce ta huta. Suka huta har hutun ya fara cin su. Tsohon yakan wuni a gindin dogon yaro yana jan carbi, yana kallon masu wucewa da fartanya a kafaɗa.

Katako kuwa bai zo ba. Hanya ta ƙara rufewa. Baƙi suka ƙaru a yankin, duk wata sanda mai tsawon kirki aka kafa rumfa da ita. Mati ya zaga ƙauyuka, ya yi magana da direbobin bas, ya yi alkawari da wani mai keken jaki. Abin da ya samo ɗanyun rassa ne karkatattu, waɗanda Abdussalami ya duba ya ce ko kaji ba zai rufe da su ba.

A ƙauyen duka, busasshen katako mai wannan tsawon wuri ɗaya yake: ƙarƙashin baƙin Mati.

Zafi ya kai maƙura, sannan gajimare ya fara taruwa daga kudu. Wata rana Abdussalami ya ja shi bayan gida, ya tsayar da shi nesa da diwan.

"Rufe ido ɗaya ka dubi ƙololuwa."

Mati ya duba. Layin da a da yake miƙe kamar zare, yanzu ya ɗan lotsa a tsakiya. A saman bangon yamma kuma akwai tsaga siririya wadda ba ta nan a bara.

"Azara ta fara buɗe ƙafa," in ji Abdussalami. "Tana tura bango. Wannan babu iska ke nan. Ka karɓo gadajen nan."

"Ka ba ni mako ɗaya."

"Ni zan ba ka? Je ka roƙi gajimare."

Iskar farko ta zo bayan la'asar. Sama ta yi ja daga gabas, awaki suka shigo gida da gudu, mata suka kwashe shanya. Baƙin duka suna cikin diwan, har da jaririn.

Mati yana tsakar gida yana ɗaure bakin rumbu lokacin da ya ji ƙarar. Ba ƙarar kwano ba ce da kowa ya saba. Kukan ƙusa ne tana fita daga itace. Ya ɗaga kai ya ga rufin diwan yana ɗagawa yana sauka kamar ƙirjin mai barci. A ƙololuwa, inda azara ta haɗa kai, wata kafa ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa. Murfin kwanon da ke saman ya naɗe ta gefe ɗaya.

Iskar ba ta daɗe ba. Yayyafi ya biyo baya, ya ɗauke. Da Mati ya shiga, ya tarar farin yadin ya yi ciki da ruwa a tsakiya, yana ɗiga a kan gadon Malam Attahiru. Garin laka ya zubo daga bangon yamma, a daidai inda Sabah take kwantar da jaririnta. Ta riga ta ɗauke shi, tana tsaye tana karkaɗe masa zani.

"Ɗan yoyo ne," in ji tsohon yana jan gadonsa gefe. "Kowane kwano shina yi a ruwan fari."

"Haka ne, Baba," in ji Mati.

Sakina ta same shi a bayan madafa. Ba ta ɗaga murya ba, domin gida cike yake da kunnuwa.

"Ka ga inda lakar nan ta zuba?"

"Na gani."

"To?"

"Zan mayar da su ɗakinmu. In ce za a gyara yoyo."

"In sun fita, da mi za ka ɗaure rufin? Gadon dai za ka ɗauka. Ko za ka ce musu ɓarayi sun shigo sun sace gado sun bar tulu?"

Ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Abu Khalid, na yi shiru tun sanyi saboda mutuncinka. Amma uwata da ubana ne a ciki, da ɗan da bai yi arba'in biyu ba. Gajimaren nan gobe ma zai dawo. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa. Kuma ka sani, in daga bakina ya ji, ya fi maka ciwo."

Duk da haka Mati ya gwada dabararsa. Bayan magariba ya durƙusa a ƙofar diwan ya ce ko Baba za su koma ciki na kwana biyu, a duba kwanon.

Malam Attahiru ya dube shi da mamaki. "In kwana a ɗakin ɗiyata? Mati, ina ka taɓa jin haka? Bar mu nan. Mun kwana a bayan lori, ɗigon ruwa ba shi kashe mu."

Mati ya tafi wajen Abdussalami, ya roƙe shi ya je ya yi wa tsohon bayani, tunda ba a saba suruki ya tsaya gaban suruki da irin wannan magana ba.

"Guduma gare ni, ba baki ba," in ji Abdussalami. "Da za a karɓi albarka, ka aike ni? Kai ka durƙusa ka karɓa. Koma wurin da ka karɓa."

Washegari da safe, bayan an sha shayi, Malam Attahiru yana gindin dogon yaro. Mati ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya cire hula ya riƙe.

"Baba, akwai magana."

"Bismillah."

Mati ya faɗa. Bai yi kwana-kwana ba, domin ya san in ya fara zagaye ba zai iso ba. Ya ce katakan gadajen daga rufin ɗakin ya zare su, su ne suke ɗaure da azara, kuma abin da ya faru jiya ba yoyo ba ne. In iska mai ƙarfi ta zo, rufin zai iya tashi, ko ya buɗe ya turo bango.

Carbin ya tsaya a hannun tsohon.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ku iso."

"Ɗiyata ta sani?"

"Ni na hana ta faɗa."

Mati yana jiran a ce masa babu komai, Allah ya ga niyyarka. Ba a ce ba.

"Watau duk watannin nan jikokina suna kwana ƙarƙashin rufin da babu ɗauri, don ni in ji taushin igiya." Muryar tsohon ba ta tashi ba, amma ta yi kauri. "Na baro gidana da gonata don kada wani abu shi faɗo wa yaran nan daga sama. Na kawo su wurinka na ce na huta."

"Baba, na so ne..."

"Na san abin da ka so. Ka so in gani. To na gani." Ya nuna diwan da carbi. "Wanga gado ba ni ka yi wa ba, Mati. Kanka ka yi wa. Da ni ka yi wa, da ka tambaye ni."

Ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya bar Mati a tsugune.

Ba a jima ba aka ji yana kiran Hajja Hindu da Sabah su fito da kaya. Ya jawo gadonsa da kansa zuwa tsakar gida, ya kifa shi. Mati ya matso da wuƙa zai yanke igiya.

"Mayar da wuƙar nan. Wa ya ce maka igiya ta yi laifi?"

Tsohon ya tsuguna ya nemo bakin saƙar, ya fara warwarewa yana naɗewa a gwiwar hannu. Hannunsa ya tuna aiki nan take. Kafin rana ta take, igiyar gadajen duka tana naɗe a gefe ɗaya, katakan suna jere a ɗaya gefen.

Hajja Hindu ta tsaya ta dubi ɗakin da babu gado, ta dubi 'yarta.

"Ke, wancan tarin tubalin da ke bayan rumbu na mi ne?"

"Ragowar gini ne, Inna."

"To shi ne aka rasa gado? Kakata har ta mutu ba ta san angarib ba. Gadon ƙasa take yi, a jera tubali, a shafe da laka, a shimfiɗa tabarma. Kunama ba ta hawa, sanyi ba shi kamawa. Da kun buɗe baki tun ranar da muka zo, da ni da Sabah mun gama shi kafin a sauke tukunya."

Sakina ta dubi mijinta. Mati ya dubi ƙasa.

Aka aika wa maƙwabta cewa akwai gayya. Suka zo da tsani da guduma da duk tsohuwar ƙusar da ake iya miƙewa. Aka sauke farin yadin. A karon farko kowa ya ga abin da yake ɓoye: tabon katakan da aka zare a jikin azara, da haske yana shigowa ta ƙololuwa.

Abdussalami ya hau ya duba, ya sauko yana girgiza kai. Ba za a buga katako haka nan ba. Azara ta buɗe, sai an fara jawo ta ta koma mazauninta, in ba haka ba a buɗe za a ɗaure ta.

"Da mi za a jawo?" in ji wani maƙwabci.

Malam Attahiru ya tura naɗin igiyar da ƙafa. "Ga ta nan. Ku ninka ta, ku zagaya ta daga azarar gabas zuwa ta yamma. Ku sa sanda a tsakiya ku murɗa. Haka muke ɗaure auduga a lori."

"Tamam, daidai ke nan," in ji Abdussalami. "Ashe akwai mai kai a gidan nan. Na ɗauka duk irin taubashina ne."

Aka yi dariya, har da Hajja Hindu daga cikin kwaɓin laka. Tsohon bai yi ba.

Aka tokare ƙololuwa da doguwar sanda daga ƙasa. Mati ya hau tsani ya riƙe sandar murɗa. Malam Attahiru ya tsaya a ƙofa, ya rufe ido ɗaya yana duban layin rufin.

"Murɗa."

Mati ya murɗa. Igiya ta yi ƙara, itace ya amsa.

"Sannu. Ba rijiya kake ja ba. Ƙara rabi. Tsaya nan."

Hasken da ke ƙololuwa ya ƙanƙance, ya ɓace. Abdussalami ya ɗora katako. Da yake an fere bakunansa lokacin da aka yi gado, ya ɗan gajarce, sai aka matsa da shi sama kaɗan da inda yake a da, inda tsakanin azara ya fi ƙunci. Ya buga ƙusa ta wannan gefe, ya buga ta wancan, ya lanƙwasa bakin kowacce. Sannan aka kwance igiya aka koma azara ta gaba.

Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon aikin, kalmomin da tsohon ya yi wa surukinsa ba su wuce "murɗa" da "tsaya" ba. Mati yana bin umarnin, gumi yana zuba masa a ido, maƙwabtansa suna kallo. Mutumin da bai taɓa barin a ɗauko masa ko buta ba, ga shi rabin ƙauye a cikin ɗakinsa suna gyara masa kuskure. Ya lura, da ɗan mamaki, cewa babu wanda ya raina shi. Hira suke yi, suna gardamar ko dawa za ta yi kyau bana.

Kafin la'asar aka mayar da murfin ƙololuwa, aka cike tsagar bango da laka da ƙaiƙayi. A ciki kuma mata sun jera tubali a jikin bangon gabas, sun shafe. Abdussalami ya ce kusurwar yamma sai an rushe an sake ta bayan damina, wannan kuwa babu makawa, shi ne ladan jinkiri.

Sakina ta ɗauko yadin za ta mayar.

"Bar shi," in ji mahaifinta. "Ina son in riƙa ganin abin da ke bisa kaina."

Kwana biyu ba a yi iska ba. Kwana biyun nan Malam Attahiru yana amsa gaisuwar Mati da kalma ɗaya.

A rana ta uku, da azahar, sama ta haɗe baƙi ƙirin. Wannan ba irin ta farko ba ce. Ta tumɓuke rumfar maƙwabci ta jefa ta kan katanga, ta karya reshen dogon yaro. Ruwa ya sauko a karkace.

Kowa ya shige diwan. Mati kaɗai ya tsaya a tsakar gida, ruwa yana dukansa, ya kafa wa ƙololuwa ido. Kwano yana ruri. Iska ta buga ta gabas, ta zagayo ta buga ta kudu. Layin rufin bai motsa ba.

Ya ci gaba da tsayuwa duk da haka, rigarsa ta manne a jiki.

Sai ya ji muryar tsohon daga ƙofa.

"Mati!"

"Na'am, Baba."

"Kallonka ne ke riƙe da shi?"

"A'a, Baba."

"To shigo. Ka sa mu ƙarƙashinsa lokacin da babu ɗauri, yanzu da mun ka ɗaure shi kake tsoron shiga?"

Mati ya zo bakin ƙofa zai durƙusa inda ya saba. Malam Attahiru ya matsa gefe a kan gadon ƙasa, ya buga tabarmar da tafin hannu.

"Nan. Hajja, zuba mashi shayi, ya jiƙe kamar kaza."

Ya zauna a gefen surukinsa, ya karɓi kofin da hannu biyu. A samansu jajayen katakan suna jere a fili, kowanne riƙe da azararsa. Jaririn Sabah yana barci, ƙarar ruwan ba ta tashe shi ba.

Darasi: Alherin da aka gina a kan ɓoye gaskiya ba baƙo ake yi wa ba, kai ake yi wa. Wanda yake bayarwa kullum amma ba ya iya cewa "ban da shi" ko "ku taimake ni", girman kai ne yake damunsa, ko da mutane suna kiransa karimci. Kada ka zare abin da ke riƙe da gidanka don a yabe ka, kuma in ka riga ka zare, ka faɗa tun iska ba ta taso ba. Kunyar yini ɗaya ta fi makokin shekara sauƙi. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman masu baƙi a gida a wannan lokaci, da waɗanda suke zaune a gidan wasu.